Fuskar Baƙon Gamzaki

Tun ina 'yar mitsitsiya babu mai kirana Safara'u a Sabon Garin Wudil sai in aron wani abu ya kawo shi. 'Yar Gamzaki suke ce min, kuma na sha dambe a kan sunan nan har na gaji na ƙyale su. Asalin abin shi ne, a zamanin farar hula na da, kafin soja su sake karɓe ƙasa, wani gidan talabijin na Kano ya zo bakin koginmu ya ɗauki wani wasa mai suna Baƙin Gamzaki. Labarin wasu halittu ne da ruwa ya ƙafe a tauraronsu mai suna Gamzaki, suka sauko da jirgi don su kwashe kogin Wudil kaf su tafi da shi. Jirgin nan kuwa kwale-kwale ne aka lulluɓe da kwanon rufi. Su kuma baƙin, masuntan garinmu ne aka kifa wa tukwane a ka, aka shafe su da fenti ruwan azurfa. Mahaifina Haladu yana cikinsu. Shi ne wanda a kashin ƙarshe ya cire tukunyarsa, ya kamfaci ruwa da hannu ya sha, ya ɗago ya kalli mutane. An ce shi aka zaɓa saboda shi kaɗai ke iya tsayawa cak a kwale-kwale da tukunya a ka bai faɗa ruwa ba.

Daminar da ta biyo baya ruwan ya ci shi, lokacin Inna tana da cikina. Bawan Allah bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba a rayuwarsa. Ke nan ban taɓa ganin fuskar ubana ba, kuma abin nan ya tsaya min a rai tun ban san kaina ba. Ba na son in mutu ban san kamanninsa ba.

Za a ce me ya hana in tambayi Inna. To, wanda ya faɗi haka bai san Inna Indo ba. Ni ce 'yar farinta, ni ce autarta, kuma alkunyar 'yar fari ta riƙe ta kamar farilla. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son gaya min magana sai ta fuskanci akuyarmu ko randar ruwa ta ce, "A gaya wa masu yawo tuwo ya huce." Sunan mijinta kuwa ko a mafarki. Na taɓa ƙarfin hali na ce, "Inna, da wa yake kama?" Sai ta ce wa akuya, "Yaran yanzu ba su da ta-ido." Shi ke nan amsar da na samu.

Akwai kaset ɗin wasan a wani gidan kallo na bakin tasha, na kuma je na gani ina budurwa. Kaico, gara ma ban je ba. Hoton duk ya yi dishi-dishi, yana rawa, ga wasu layuka na ta gilmawa. Da aka zo wurin cire tukunya sai na matsa har numfashina yana taɓa gilashin. Abin da na gani wani dunƙulen baƙi ne mai farare biyu a matsayin idanu. Na fito ina kuka, mai gidan kallon yana tambayata ko ɗan wasan bashina ya ci.

Wani abin da ya ƙara min baƙin jini a wurin tsokana shi ne billena. A kuncina na hagu yake, ya taso daga gefen hanci ya gangaro daidai kamar na kowa, amma a ƙarshe sai ya lanƙwashe ya koma sama kamar ƙugiyar kamun kifi. A makaranta cewa suke wanzamin gyangyaɗi yake yi ranar sunana. Na tsani zanen nan tsana mai tsanani. Da na girma sai na koyi danne shi da hoda, in ja mayafi ta wannan gefen, in na shiga hoto kuma in ba da kuncin dama.

Da mulki ya dawo hannun farar hula aka buɗe jami'a a garinmu, gari ya cika da baƙi. Ni kuma na koyi bugun rubutu da kwamfuta na kama aiki a wani shago da ɗalibai ke kawo takardunsu. A nan na san Malam Zakka, wani dogon Kirista daga kudancin Kaduna mai koyar da ilimin kwamfuta. Mutum ne mai sanyin hali, amma in aka taɓo zancen tsofaffin wasannin jiragen sama jannati, sai ka ce an kunna rediyo an ɓalle maɓallin kashewa.

Wata rana yana zaune yana jiran takardunsa sai wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "'Yar Gamzaki, Innarki na nemanki." Na watsa mata harara. Malam Zakka kuwa ya miƙe zumbur.

"Gamzaki? Na Baƙin Gamzaki?"

"Shi fa," na ce, ina ɗaure fuska. "In kai ma tsokanar za ka yi, Malam, ka bi layi."

"Wace tsokana? Ina yaro a gidan kawuna a Kano nake kallonsa ta tagar maƙwabta. Saboda masu tukwanen nan na daina fita fitsari ni kaɗai. Ashe a garin nan aka yi shi?"

Ban san lokacin da na kwashe labarina duka na ba shi ba, har da kaset ɗin bakin tasha. Ya saurara, sannan ya ce kaset ɗin nan kwafin kwafin kwafi ne, kamar ganyen shayin da aka yi ta dafawa har ya koma ruwan zafi kawai. Ya ce wasannin waje a wancan zamani a kan faifan fim ake ɗaukarsu, irin na majigi, kuma fim yana riƙe abin da talabijin ta wancan lokaci ba ta taɓa iya nunawa ba. In har faifan asali yana nan, to fuskar tana nan a ciki, tar, tana jira.

Ni kuwa na san inda faifan yake. Duk Wudil an sani.

Alhaji Gwadabe shi ne ya fito a matsayin matashin injiniyan da ya ceci kogi a wasan. Da soja suka hau aka dakatar da shirin, aka jibge kayan a sito, shi kuma ya lallaɓa ya kwaso gwangwanayen fim ɗin kafin su bi shara. Yanzu ya tsufa, ya ajiye tumbi, ya ci zaɓen kansila, kuma har gobe in ya shiga taro sai ya ɗaga hannu irin yadda injiniya ke yi a wasan. Muka je gidansa ni da Malam Zakka da hantsi. Aka yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya jama'a, yaya fama da mulki, yaya aka ji da zafi, har gwiwoyina suka yi tsami a durƙushe. Sannan ya sa aka jawo gwangwanayen daga ƙarƙashin gado, duk sun yi tsatsa, suna wari kamar tsamiyar da ta kwana.

"Zan bayar," in ji Alhaji, "amma da sharaɗi. A wanke shi tas. Kada in ga karce ko ɗigo ko ɗaya. Fuskata ta fito sumul kamar ta 'yan fim ɗin Indiya. Jama'ata zan tara su gani."

"Ranka ya daɗe, akwai manhajar kwamfuta da ke wanke hoto haka," Malam Zakka ya ce. "Sai dai ba ta da hankali. In aka matsa mata, tana haɗawa da abin da ba datti ba ta goge. Gara a bar masa ɗan tsakinsa na asali."

"Malam, kai malami ne a makarantarku. A fim kuma ni ne malami. Na ce a goge."

Na buɗe baki zan yi magana, Malam Zakka ya taka min gefen takalmi. Gaskiya ma dai a lokacin bayan Alhaji na yi niyyar goya, don ni ma tas ɗin nake so. Wa ke son ganin ubansa cikin datti?

Aikin ya ci watanni. Malam Zakka ya samo wani tsohon majigi ya kwance shi, ya haɗa shi da kyamara da katako da roba, ya riƙa ɗaukar fim ɗin hoto ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a kwamfuta. In an ɗauke wuta ya jira, in an kawo ya ci gaba. Matarsa Hannah ta ce min ta fara kishi da masu tukwane. Ya sha ce min in zo in leƙa, na ƙi. Na riga na yi wa kaina alkawari ba zan kalli fuskar nan ba sai Inna na kusa da ni, don ita kaɗai ce za ta ce min shi ne in yarda. Da ya gama ɗauka ya saki manhajar wanki a kan wasan gaba ɗaya, kamar yadda Alhaji ya ce, ta yi ta aikinta ita kaɗai.

Da na gaya wa Inna ranar da za a gwada nunawa a falon Alhaji, sai ta dubi akuya ta ce, "A gaya wa masu rawar kai ba inda za ni." Ranar na zuwa na fito daga wanka na tarar da ita a bakin zaure, ta ɗaura atamfarta ta ƙasan akwati, har da kwalli.

Aka sassaki labule a falon Alhaji, aka haska farin bango. Kai, hoton ya fito fes. Babu rawa, babu layi, babu ɗigo. Kogi ya yi shuɗi, yashi ya yi fari sol. Sai dai mutanen ciki duk sun yi wani santsi kamar an sassaƙa su da sabulu. Ni ban damu ba. Alhaji kuwa da ya ga kansa yana saurayi sai ya kama tafi shi kaɗai yana cewa, "Ku duba yaro, ku duba yaro." Malam Zakka ya tsallaka zuwa kashin ƙarshe. Baƙon Gamzaki ya tsaya a kwale-kwale, ya sa hannu biyu ya ɗaga tukunya, ya sunkuya ya sha ruwa, ya ɗago.

Kyakkyawan mutum ne, baƙi, mai faɗin goshi, fuskarsa sumul ba ko tabo. Hawaye suka ɓalle min. A zuciyata na ce, Baba, ga ni. Na juya wurin Inna ina jiran kalma ɗaya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara mayafi ta miƙe.

"Ba shi ba ne," ta ce, ta sa takalmi ta fita.

Wallahi ji na yi kamar an zare min ƙasa. Na bi Malam Zakka har gindin darbejiyar ƙofar gida na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce ya sa na zubar da hawayena a kan wani ƙaton da ban san daga inda aka samo shi ba. Na ce da ma ya bar ni da dunƙulen baƙina na bakin tasha, aƙalla wancan ina ce masa Baba ba wanda ya ƙaryata ni. Shi kuwa sai goge gilashin idonsa yake yi da bakin riga. Alhaji ya leƙo ya ce tsufa ne ya taɓa idon Indo, shi ya tabbata Haladu ne, don shi ya kifa masa tukunyar da hannunsa. Na ce masa, "Alhaji, matar da ta zauna da mutum ce ba ta san shi ba, sai kai da ka gan shi da tukunya a ka?" Ya ce ba ni da kunya. Na ce an sha faɗa.

A gida na tarar Inna ta canza kaya tana tsintar shinkafa kamar ba abin da ya faru. Yau kam na ce alkunyar nan sai dai ta yi haƙuri. Na zauna dab da ita, na janye farantin daga gabanta.

"Inna, ba zan tashi ba sai kin gaya min. In ba shi ba ne, wane ne? In shi ne, me ya sa kika ce ba shi ba ne? Ni fa ba ni da wani uban da zan je in nema."

Ta kakkaɓe hannuwanta. Sannan ta juya wajen randa.

"A tambayi mai injin ina ya kai masa zanensa. Tsayuwar tasa ce, shan ruwan nasa ne. Amma mutumin da aska ta taɓa ranar suna, an mai da min shi kamar ɗan roba. Ni ban auri wannan ba."

Washegari tun kafin a buɗe ofisoshi ina bakin ɗakin kwamfutar Malam Zakka. Na gaishe shi gaisuwa mai kyau, don na san na yi masa rashin ta-ido jiya, sannan na faɗa masa abin da Inna ta ce. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Zane. Ubangiji. Manhajar ta ɗauka karce ne ta share." Sai kuma ya yi wata 'yar dariya. "Kwantar da hankalinki, Safara'u. Ban taɓa na asalin ba, yana nan yadda na ɗauko shi. Amma fa sai kin karya alkawarinki kin kalla."

Na ce a buɗe.

Na asalin ya sha wuya. Ko'ina tsaki-tsaki, ga tabon danshi, ga dogayen karce sun tsaga hoton daga sama har ƙasa, wasu ma ta kan fuskar suka bi. Na ce to a cikin wannan tarin layukan ta yaya za a gane na wanzami da na tsatsa? Malam Zakka ya ce in zuba ido. Ya riƙa matsar da hoton a hankali, ɗaya bayan ɗaya, mutumin yana ɗago kai.

"Karcen fim a jikin faifan yake, ba ruwansa da mutum. Kin ga wannan, yana nan a tsaye ko an juya ko ba a juya ba. To kalli wancan na kuncin hagu."

Na kalla. Baba ya juya kai, layin ya bi shi. Ya sunkuya, layin ya sunkuya tare da shi. Bille ne, ya taso daga gefen hanci ya gangaro. Ƙarshensa ne kawai ba a gani, don wani ƙaton karce ya hau kansa ya zauna.

"Wannan ba aikin manhaja ba ne," in ji Malam Zakka. "Da hannu za a bi, hoto-hoto, a cire na tsatsa a bar na mutum. Inda karce ya rufe a wannan hoton, sai a duba na gabansa ko na bayansa a ɗauko abin da ke wurin. Ba za mu ƙirƙiri komai ba. Aiki ne mai cin rai."

"Koya min," na ce. "Fuskar ubana ce, ni zan wanke ta."

Ya koya min. Kullum in na tashi daga shago sai in wuce can, in zauna har a kira magariba, ina bin ɗigo-ɗigo da ɗan kibiyar kwamfuta. Shi yana gyaran sauran wasan, ni ina kan fuska ɗaya. Idona ya yi ja, wuyana ya ƙage, na ɓata na sake ba adadi. A hankali mutum ya fara fitowa daga cikin dattin. Ga gumi a goshinsa. Ga shatin bakin tukunya a wuyansa. Ga wani ɗan gashi a haɓarsa da bai gama fitowa ba, don ashe yaro ne, bai ma kai shekaruna na lokacin ba. Wannan kaɗai sai da ya sa na kifa kai a tebur.

Ranar da na zo kan ƙaton karcen nan, na bi hotunan gaba har inda ya ɗan karkata kai, ƙarshen billen ya fito daga ƙarƙashinsa. Sai hannuna ya tsaya. Billen bai ƙare a miƙe ba. Ya gangaro, ya gangaro, sannan ya lanƙwashe ya koma sama.

Na tashi na je famfon bayan ɗaki na wanke fuskata da sabulu har sau biyu. Na dawo na zauna gefen kwamfutar na ture mayafi. Malam Zakka ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya cire gilashinsa ya rasa abin da zai yi da shi.

"Allah mai iko," ya ce a hankali. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba, ban san wanne zan bari ba.

Saura Alhaji. Da muka kai masa sabon aikin ya ga tsaki-tsakin fim ya dawo, ga ƙurajen samartaka a goshinsa, ga igiyar da ake jan jirgin Gamzaki da ita ta fito ƙuru-ƙuru, sai ya ce atafau, wancan mai santsin za a nuna, in ba haka ba a dawo masa da gwangwanayensa. Malam Zakka ya fara lallashi da bayanin ilimi. Na ga abin zai ja mu rana, na ce a ajiye hotunan Alhaji biyu gefe da gefe, inda yake murmushi bayan ya ceci kogi.

"Alhaji, Allah ya ba ka nasara, ina wushiryarka?"

Ya matso. A mai santsin haƙoransa sun haɗe sun zama farin dutse guda. A ɗayan kuwa ga wushiryar nan tsaf, wadda aka ce saboda ita 'yan matan ƙauyen Kausani suke zuwa kallon ɗaukar wasa. Yanzu ko haƙoran ma babu su a bakinsa. Ya kai yatsa ya taɓa dasashinsa.

"Wane mara mutuncin ne ya toshe min ita?"

"Kai ka ce a goge, ranka ya daɗe," in ji Malam Zakka.

"To na ce a dawo min da ita. Kuma a sani, tun farko ni ban yarda da wannan santsin ba."

Ranar Asabar bayan la'asar aka yi nunin, a babban ɗakin taron makarantar firamare. Hannah da matan cocinsu suka kawo barguna, mu muka kawo tabarmi, aka toshe tagogi. Mutane suka zo har daga Achika da Kausani, ga ɗalibai, ga tsofaffin masunta, ga mata masu ginin tukwane, ɗaki ya cika har ana zama a kan taga. Ni na zo ba hoda, mayafina a kafaɗa. Inna ta gan ni tun a gida, ta kalli kuncina, ta kalli akuya, ta sa takalmi ta yi gaba.

Aka tayar da janareta, haske ya faɗa bango. Jirgin Gamzaki ya taho a kan ruwa, sai ɗaki ya ɗauki dariya, don ga igiya, ga kuma ƙafar mai jan ta a gefen hoto. Wani tsoho ya ce ƙafarsa ce, ya rantse, aka ce ya zauna. Da baƙin suka fito, wata tsohuwa mai tukwane ta miƙe tana nuna bango, ta ce tukunyar ta biyu ginin uwarta ne, ga zanen tsinken da take yi a wuyan tulu. Aka ga bakin kogi yadda yake kafin a cika shi da gine-gine, aka ga mutanen da suka daɗe a ƙasa suna tsaye a kan yashi suna kallon ɗaukar wasa, kowa da fuskarsa. Nan ka ji an ce ga Yaya, can ka ji an ce Allah ya jiƙan wance. Alhaji ya yi murmushi a bango, mata suka rangaɗa guɗa saboda wushirya, shi kuma ya miƙe ya ɗaga hannu irin na injiniya. Ban taɓa ganin Wudil cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ina zaune ina cewa a raina, da hannuna a ciki.

Sai aka zo kashin ƙarshe. Ɗaki ya yi tsit, don kowa ya san abin da ya kawo ni da Inna. Baƙon ya ɗaga tukunya, ya sha ruwa, ya ɗago. Malam Zakka ya tsayar da hoton a nan. Fuskar ta cika bango, ruwa na ɗiga daga haɓarsa, billen nan kwance a kuncinsa da lanƙwasarsa.

Daga can bayan ɗaki wani tsohon masunci ya ce, "Haladu mai ƙugiya. Allah ya jiƙanka." Aka amsa da amin ko'ina.

Ni Inna kawai nake kallo. Ta miƙe, ta ratsa mutane ana janye mata ƙafafu, ta je har jikin bango, hasken majigin ya hau bayanta. Ta ɗaga hannu ta ɗora a kan kuncin, ta bi zanen da yatsa tun daga gefen hanci har inda ya lanƙwashe.

"Shi ne," ta ce.

Sannan ta juyo, a gaban duk mutanen nan, ta dube ni ido cikin ido.

"Safara'u, zo nan."

Sai da na waiga, don ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ƙafafuna suka kai ni. Ta kama haɓata ta tsayar da ni a gefen hoton, ta juya kuncina na hagu wajen jama'a.

"Shi atishawa ya yi ranar sunansa, aska ta goce," ta ce, kuma da ni take magana, ba da randa ba. "Ke kuwa ba kuskure aka yi ba. Ya tafi bai bar min hoto ba. Da gawayi na zana a kuncinki, na aika aka ce wa wanzami ya bi."

Ban san wanda ya fara guɗa ba. Na dai san Hannah tana kuka, Malam Zakka yana ta goge gilashi, Alhaji kuma yana gaya wa na kusa da shi cewa shi ya ba da shawarar a bar zanen. Na ƙyale shi, ranar ba ni da lokacin faɗa.

Muka fito tare da Inna rana tana shirin faɗuwa, tana gaba ina biye, kamar kullum. Mun kusa kwanar gidanmu sai maƙwabciyar nan tamu ta ɗago daga wurin suyar awararta ta ce, "'Yar Gamzaki, an dawo?"

Na tsaya, na juya mata kuncin hagu.

"Na'am," na ce. "An dawo."